Shekarar da Inna Ta Tuge Hakin Furoje

Inna ba ta da abokin gaba a duniya sai haki. Mutum zai iya taka mata ƙafa a kasuwa, ko ya gaya mata baƙar magana, kafin rana ta faɗi ta manta. Amma ta ga ɗan tsiron haki ya leƙo a cikin fangalin salatinta, nan take fuskarta za ta canza. Ko a farfajiyar majami'a, ana tsaye ana gaisawa bayan sujada, sai a neme ta a rasa, can a hango ta duƙe a gindin katanga da zanenta na Lahadi tana tuge-tuge. Fasto ya gaya mata akwai masu shara har ya gaji ya ƙyale ta.

Daga Dogonduci muka zo Yamai ina ƙarama, lokacin da aka canza wa Baba wurin aiki. Ma'aikacin jinya ne, kuma bai daɗe a nan ba Allah ya yi masa rasuwa. Dangi suka ce mu tattara mu koma gida, Inna ta ce ita ba ta fitar da yara daga lakwal, wato makarantar boko. Wani dattijo Bazabarme mai fili a Gamkalle ya ba ta aron wani yanki a bakin kogin Isa, ta kama aikin garka, wato lambu. Da salatin wurin nan da shu, wato kabeji, da karoti da zogala aka ciyar da mu, aka tufatar da mu, har na zama malamar lakwal a Kirkisoy, can ƙetaren kogi. Na sha roƙonta ta huta tunda yanzu ina ɗaukar albashi, sai ta dube ni ta tambaye ni ko na taɓa ganin an zuba albashi a miya.

Garkar tana da maƙwabci ɗaya da ba ya jin magana, wato kogin. Duk damina idan jan ruwa ya zo sai ya yi ta rarake gaɓar ta ƙasa, wata safiya a tarar bakin ya rufta da duk abin da ke kansa. Wurin da nake zama ina wanke karoti ina yarinya, yanzu masu kwalekwale ne ke wucewa ta kansa. Garkar tana ƙanƙancewa, Inna tana tsufa, ni kuwa ba na son tunanin wace ce za ta riga wata ƙarewa. Abin yana damuna ƙwarai, amma ba a yi wa Inna irin wannan zance.

A shekarar da nake ba da labari, ruwa yana fara janyewa Inna ta tafi Dogonduci taron zumuntar mata, ta bar mini garka da dogon gargaɗi. Tana can aka kira duk masu garka taro a gindin wani babban bedi, itacen dogonyaro, na je a madadinta. Na tafi ne da raini, gaskiya. Mu a unguwar nan mun ga furoje iri-iri, wato ayyukan tallafi na gwamnati da ƙungiyoyi, a zo da motoci a kafa allo, a tafi a bar mana allon awaki suna soshe-soshe a jikinsa.

Wannan karon ƙafa uku aka yi wa abin. Akwai meri, wato ofishin magajin gari, wanda tun da daɗewa yake son a tashi masu noma daga bakin gaɓa saboda ƙasar da ke zubewa tana cike kogin. Akwai wani kamfani mai tace ruwa yana sayarwa, wanda laka ta ishi injunansa. Sai mu masu garka. Aka shirya cewa meri za ta bar kowa a wurinsa, kamfanin zai sayo dashen jema, wata doguwar ciyawa, ya kuma ba da injin ban ruwa, mu kuma mu dasa jemar a bakin gaɓa mu raine ta, domin saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta riƙe gaɓar. Wani jami'in gandun daji, ƙaton mutum mai sanyin murya, shi aka ɗora a kan aikin. Ya yi bayani da Zabarmanci, ya maimaita da Hausa, sannan ya faɗi sharaɗin: kafin damina za a zo dubawa, duk wanda aka tarar bakin garkarsa tsirara, za a shigar da garkar cikin yankin da za a killace da waya a dasa itatuwa. Kowa ya ce ya yarda, ni ma na ɗaga hannu da sunan Inna.

Muka yi dashen ranar wata Asabar. An datse kan jemar an bar ɗan guntu, ba ta da wani kyan gani, muka jera ta tun daga garkar farko har ta ƙarshe. Na kira Inna in gaya mata, amma ita ba ta yarda da dogon zance a waya ba. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi lafiyar shu, ta ce sauran sai ta zo, ta kashe.

Ta dawo ne wata rana da tsakar rana ina lakwal. Daga tasha ba ta bi ta gida ba, da jakarta da komai ta zarce garka, a daidai lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa. Abin da ta gani a bakin garkarta, ta ajiye jaka, ta ɗaure ɗamara.

Da la'asar na ƙetaro gada na iso, na same ta zaune a kan bokiti tana fifita da gefen mayafi. Bakin garkar fes, an share har an yayyafa ruwa. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce ke.

“Ke, haka aka riƙon amana? Na tahi 'yan kwanaki, kin bar haki ya mamaye mini garka?”

Na tsaya, jakar littattafai a kafaɗa, na kasa ko gaishe ta. Na ce, “Inna, ina hakin yake?”

“Na kai ma ragunan Alhaji. Aƙalla wani ya amfana da lalacinki.”

Alhaji maƙwabcinta ne na garka, mutumin Tawa, tsohon direba da ya ajiye mota ya koma noma, yana kuma turka raguna a gindin bedi. Yana dawowa daga masallaci ya ji ƙarshen maganar. Ya dubi bakin gaɓa, ya dubi ragunansa da ke kwance suna tuƙa, ya sake duban Inna.

Na ce, “Inna, ba ki ga a jere yake ba?”

“Na gani mana. Ni ma na yi mamaki, ban taɓa ganin haki mai ladabi haka ba.”

Nan Alhaji ya zube ƙasa yana dariya, hularsa ta faɗi gefe. Yana cewa, “Inna ta ba raguna furoje! Wallahi ragunana sun cinye furoje!” Masu garka suka fara taruwa, kowa ya ji sai ya kama ciki. Ni ma na yi dariyar, har da hawaye, domin ba yadda za ka yi. Muka je gindin bedi muka duba ko akwai abin ceto. Ragunan sun ci ganyen, sun tattake sauran, rana ta ƙarasa aikin.

Da dariya ta lafa na zauna kusa da ita na gaya mata komai, tun daga taron har sharaɗin. Tana ji tana girgiza kai. Ta san jema sarai, a fadamar garinsu ake yankanta a yi zana, amma a wurinta abin daji ne da ke fitowa da kansa.

“Wa ya taɓa dasa haki? Mutum da hankalinshi ya duƙa ya dasa haki, har ya ba shi ruwa?”

Sannan ta tambaye ni a hankali, ba ta dube ni ba.

“Garkar za su amshe?”

Na ce haka sharaɗin yake. Ta tashi ta ɗauki jakarta muka kama hanyar gida. Ranar tuwo kaɗan ta taɓa ta ture kwanon. Tsoro ya kama ni sosai, domin na san idan aka raba Inna da garkar nan, zama za ta yi a tsakar gida ta tsufa cikin wata ɗaya.

Washegari jami'in gandun daji ya zo, labari ya riga ya kai masa. Ya yi ƙoƙari ya ɗaure fuska, amma gashin bakinsa yana rawa. Suka tsaya shi da Inna a kan iyakarta da Alhaji, inda jemar Alhaji ta fara. Inna ta durƙusa kamar yadda ake yi wa babba ko da ta haife shi, ta shiga ba da haƙuri.

“Yallaɓai, rashin sani ne. Ni ba mai ɓarna ba ce, kowa nan ya san ni. Da na sani wallahi ko kallonshi ba ni yi.”

Tana maganar, ni ina kallon hannunta na dama. Hannun ya miƙa da kansa, ya lalubo gindin jemar Alhaji na farko, ya murɗa, ya tuge, ya kaɗe ƙasar a gwiwarta. Ita ba ta ma san an yi ba, idonta yana kan jami'in tana ta rantsuwa. Alhaji ya ɗora hannu a ka ya yi salati.

“Inna! Nawa kuma?”

Ta dubi abin da ke hannunta kamar wani ne ya saka mata shi. Jami'in ya juya mana baya, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya samu kansa ya karɓi jemar ya mayar ramin ya danne da ƙafa, sannan ya gaya mana gaskiyar magana. Dashen da kamfani ya sayo ya ƙare, kuma wurin da aka raino shi babu saura. Sharaɗin kuma ba nasa ba ne shi kaɗai balle ya ɗage, ɓangare uku suka ƙulla shi, idan ya yi wa Inna sassauci gobe kowa ya kawo nasa uzurin. Ya kuma gaya mata, cikin ladabi, cewa tsabtar bakin garkarta ce ta sa nata ya fi na kowa ruftawa, tunda ba ta bar ko saiwa ɗaya da za ta riƙe ƙasar ba. Wannan ya yi mata zafi, na gani a fuskarta. Shekara da shekaru tana ganin kogin ne kaɗai mai laifi.

Hanya ɗaya ya ce ta rage. Idan jemar maƙwabta ta kama ta yi 'ya'ya a gindi, ana iya tsaga ta a ɗebi rabi a dasa wani wuri. Sai dai lokaci zai ƙure, kuma wanda aka tsaga wa tasa za ta ɗan ja baya, saboda haka ba zai tilasta wa kowa ba.

Masu garka suna da wata al'ada game da iri. Wanda dashensa ya ƙone ko tsutsa ta cinye, sai ya zagaya wurin maƙwabta, kowa ya tsinko masa kaɗan daga nasa, ba a saye ba a sayarwa. Inna kuwa ta fi kowa hannun rainon iri, kusan babu garkar da shu ɗinta da salatinta ba su shiga ba. Amma ita ba ta taɓa zagayawa roƙo ba, kuma ta ce ba za ta fara a kan haki ba. Alhaji ne ya zagaya a madadinta. Ya ce shi ne mai laifi na biyu tunda cikin ragunansa kayan suke. Kusan kowa ya amsa. Wani mutum can ƙarshen layi ya ce shi gaɓarsa ta fi ta kowa rauni, ba zai iya taɓa tasa ba, Inna ta aika a gaya masa ya yi daidai.

Sai jira. Jemar kowa ta yi kore ta fara tashi, bakin garkar Inna kaɗai ya zama giɓi a tsakiyar layi, ana hango shi tun daga kan hanya. Aka kafa mata doka ba ta matsawa kusa da gaɓar kowa. Da ta sako kai da safe sai ka ji an ɗaga murya daga wata garka:

“Jama'a, a tsare furoje, Inna ta iso!”

Ita kuma ta mayar: “Ka tsare bakinka dai, ɗan nema. Da haka kake tsare tumatirinka da tsutsa ba ta gama da shi ba.”

Idan za ta wuce ta gefen jemar wani, sai ta harɗe hannuwanta a baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta kau da kai ta wuce da sauri.

Ranar da aka tsaga jemar zafin bazara ya kai maƙura. Tun da sanyin safiya mutane suka fara isowa, kowa da ɗan ƙullinsa a jiƙaƙƙen buhu, Zabarmawa da Hausawa, masu zuwa masallaci da masu zuwa majami'a. Wata mata daga kamfanin ta zo da huluna masu baki ta rarraba, ta sa aka jawo injin ban ruwa zuwa garkar Inna. Jami'in ya ja igiya ya ce a jera kamar yadda aka yi wa kowa. Inna ta ce a dakata.

“Yallaɓai, ni na san hannuna. In kun jera shi haka a sarari, haki ne, kuma ko na yi rantsuwa wata rana sai na tashi na tarar na tuge shi. Ku bari in yi mishi fangali.”

“Fangali kuma, Inna? Jema ba ta buƙatar wannan gata.”

“Ba don ita ba ne, don ni ne. Abin da ke cikin fangali shuka ne. Hannuna bai taɓa shuka.”

Ya yi ɗan tunani, ya ce muddin za a dasa kusa da kusa a bi igiyarsa, ta yi fangalinta. Ta karɓi kwasa ta ja dogon fangali a bakin gaɓa, ta tada masa kunya gefe da gefe, ta barbaɗa taki, ta daidaita ƙasar da tafin hannu kamar za a zuba irin karoti. Sannan ta duƙa ta dasa gindin farko da kanta, hular kamfani a kan ɗankwalinta. Matar kamfanin ta yi ta ɗaukar ta hoto, Inna ta ce a bari ta gyara zane tukuna. Kafin rana ta take an gama. Na dafa kopto, wato kwaɗon zogala, da dambu tun daga gida, aka baje a gindin bedi, Alhaji ya ce wannan karon a kai wa raguna ƙamshi kawai.

Daga ranar jemar nan ta ga gata. Ana ba kowa ruwan inji, amma Inna sai ta bi da arozuwar, bokitin ban ruwa mai feshi, safe da yamma, wai inji ba ya sanin wanda ya ƙoshi. Duk wani haki da ya kuskura ya fito a cikin fangalin, kafin ya yi ganye biyu ta gama da shi, hannunta ya samu aikin yi. Awakin unguwa suka koyi zagaye garkarta daga nesa. Wasu masu yankan ciyawa suna kaiwa kasuwa suka zo da laujensu wata rana, ta bi su da kwasa har kan hanya, suna gudu suna cewa ai haki ne kawai. Ta dawo tana huci tana ce mini, “Kin ji marasa tarbiyya? Wai haki!” Na juya na yi kamar ina gyara bokiti.

Duk da haka ba ni da kwanciyar hankali. Jemar mutane ta kai ƙugu, ta Inna ko gwiwa ba ta kai ba. Wasu gindin sun bushe sai da aka sake cikewa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, aka sanar da ranar dubawa.

Suka zo da hantsi, jami'in gandun daji a gaba, mutanen meri biyu, matar kamfani, da shugaban masu garka. Na nemi izini daga lakwal na zo. Suka fara daga garkar farko, muna hango su suna tafe suna tsayawa. Inna ta sa zanenta na Lahadi, ta tsaya a kan fangalinta ta harɗe hannu. Da suka iso, ɗaya daga cikin mutanen meri ya ce wannan ai gajere ne. Jami'in ya ce tsawon ganye ba shi ake dubawa ba, saiwa ake dubawa. Ya naɗe hannun riga, ya duƙa, ya damƙi gindi ɗaya da hannu biyu ya fara ja da ƙarfinsa.

Ban ga lokacin da Inna ta motsa ba, sai ƙarar tafi na ji a bayan hannun jami'in gwamnati.

“Kai! Cire hannunka! Wa ya koya maka tuge shukar mutane?”

Ni dai na ce shi ke nan, garka ta tafi. Jami'in ya ɗago yana murza hannu, ya dubi Inna, ya buɗe baki, sai dariya ta ƙwace masa. Alhaji ya kama, matar kamfani ta kama, mutanen meri ma suka kasa riƙewa. Inna ce kaɗai ba ta yi ba, ta duƙa tana danne ƙasar gindin da ya ja tana gunaguni.

Da ƙyar aka lallashe ta cewa haka ake gwadawa. Ta ce to, amma ya ja a hankali. Ya gwada nan, ya gwada can, har jijiyar wuyansa ta tashi, ko gindi ɗaya bai fito ba. Ya miƙe ya kaɗe hannu ya ce wa mutanen meri wannan ta kama, garka tana nan a hannun mai ita. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na zauna a kan kunyar fangali ina dariya ina share ido. Inna ta ce in tashi mata daga kan shuka.

Kafin ya wuce garka ta gaba jami'in ya ce mata su dai sun gama nasu, saura kogin ya zo ya yi nasa dubawar, kuma shi ba ya ja a hankali.

Daminar ta yi ruwa sosai. Jan ruwa ya taso ya haye gaɓa, ya shanye jemar, ya shanye fangalai, har ya kai gindin bedi, sai da Alhaji ya kwashe ragunansa zuwa gida. Mukan je mu tsaya a kan hanya mu yi ta kallo, babu abin da ake gani sai ruwa ja yana wucewa da itace da leda. Ba wanda ya san abin da ke faruwa a ƙasa. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tuge duk hakin tsakar gidanmu, ta fita ta tuge na ƙofar gida, ta shiga na maƙwabta. Farfajiyar majami'a ba ta taɓa yin tsabta irin ta daminar nan ba. Da safe idan muna addu'a takan roƙa wa marasa lafiya da matafiya da shugabanni, sannan ta sassauta murya ta ƙara da abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Da ruwa ya janye ƙasa ta ɗan sha iska, muka tafi tare. Laka har idon sawu, muka cire takalma muka riƙe a hannu. Tun daga nesa na hango jemar kwance, laka ta rufe ta, ba ko alamar kore. Inna ta ci gaba da tafiya ina biye da ita, har ta kai bakin gaɓa.

Gaɓar tana nan inda muka bar ta. Na duba hagu na duba dama ina neman inda ya rufta, ban gani ba. A bayan jemar ma sabuwar ƙasa ce baƙa mai laushi ta taru, wadda kogin ya kawo ya kasa wucewa da ita. Inna ta duƙa ta kama gindi ɗaya ta share lakar da babban yatsa, sai ga ɗanyen tsiro a ciki. Ta miƙe ta taka har ƙarshen gaɓar, ta buga ƙafa da ƙarfi, ta sake bugawa. Ƙasa ba ta motsa ba. Alhaji daga tasa garkar yana ɗaga mana hannu biyu yana kabbara.

Muka daɗe a tsaye muna kallon ruwan. Can ta ce, “Ke, gobe in kin taso lakwal, ki biya wurin masu dashe ki sawo mini mangwaro.”

“Mangwaro, Inna? Na ci?”

“Na dasawa. Ki zaɓo mai aure, kada su ba ki na banza.”

Sai a lokacin na juya na dubi garkar tun daga sama har ƙasa, wurin da na girma a cikinsa, na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Babu itace ko ɗaya da Inna ta dasa don ya daɗe. Salati ne, da shu, da karoti, da zogalar da ake sarewa, duk abin da za a iya kwashewa kafin ruwa ya zo. Duk shekarun nan da ta yi tana ciyar da mu daga wurin nan, ba ta taɓa yarda cewa ƙasar za ta kai baɗi ba.

Na ce, “Inna, mangwaro fa yana daɗewa kafin ya yi 'ya'ya.”

“To, ina za ni?”

Washegari na ƙetaro gada da dashen a bayan babur, ganyensa yana dukan wuyan mai babur yana mita. Na tarar ta riga ta zaɓi wuri, 'yan taku kaɗan daga jemar. Na karɓi kwasa na fara gina rami, tana tsaye a kaina rungume da dashen, tana cewa in ƙara zurfi.